Kawu, yaushe za a fara waƙar?

Watannin baya na ɗauko ɗan ƙanwata daga Zariya za mu Kano, sai na saka faifan Tony Allen mai suna The Source a mota. Yaron nan ya yi tsit, har na fara murna a raina, ina cewa kunnensa ya kama. Muna dab da Tashar Yari ya gyara zama ya ce, "Kawu, wai yaushe za a fara waƙar?" Na ce ai an daɗe da farawa. Ya yi mini irin kallon da ake yi wa dattijon da ya fara ruɗewa, ya zaro wayarsa ya toshe kunnuwa.

Ban ga laifinsa ba. Kunnen Bahaushe kunnen magana ne. In aka ce mana ga mawaƙi, abin da muke jira shi ne mu ji me zai faɗa, wa zai wasa, wa zai yi wa zambo, wane habaici zai sako a tsakiyar baiti. Kiɗa a wurinmu tabarma ce da waƙa ke zama a kai. Shi ya sa kiɗan da babu murya a cikinsa muka mayar da shi abin da ake sakawa kafin labaran rediyo, ko a zauren otal lokacin da ake jiran makulli. Kuma abin da yawancinmu muka sani da sunan jaz shi ne busar Kenny G, mai santsi kamar man shanu a rana, ba gishiri ba yaji. In dai wannan ne jaz, to ni ma a cire sunana.

Ra'ayina shi ne, jaz ɗin da ake yi a shekarun nan, musamman wanda ke fitowa daga Landan da Afirka ta Kudu, ya fi kusa da kiɗan da iyayenmu suka tashi da shi fiye da akasarin abin da situdiyoyinmu ke fitarwa a yau. Wanda ba ya sauraron kiɗa saboda fahimtarsa ta addini, ba da shi nake ba, matsayinsa abin girmamawa ne. Da masu saurare nake, waɗanda wayoyinsu ke cike maƙil da waƙoƙi.

Mun manta ne kawai cewa mu ma muna da kiɗan da ke magana ba da baki ba. Ɗan dambe yana zaune a gefen fili, ba wanda ya kira sunansa, sai kalangu ya buga takensa, ka ga ya miƙe jikinsa na tsuma. Wa ya yi masa magana? Fata da tsirkiya. A ƙofar fada mai algaita yana kumbura kumatu yana jan busa ba ya yanke numfashi, kuma dattawan wurin sun san kirarin da yake faɗa. Wannan dabarar ta shaƙar iska ta hanci alhali baki na ci gaba da busa, ita ce masu busa saksofon suke shekaru suna koya. Sannan a ƙungiyar makaɗa akwai mai riƙe kiɗa kada ya faɗi, akwai mai yawo a kansa yana ƙawa, yana tsokanar ɗan'uwansa, shi kuma yana mayar masa. An san Shata da ƙaga waƙa nan take a gaban jama'a, makaɗansa da 'yan amshinsa suna bin sa duk inda ya karkata. To jaz ke nan a taƙaice. A buga take tare, kowa ya ɗauki taken nan ya yi yawo da shi iya hikimarsa, sauran suna tare masa baya suna ba shi amsa, a ƙarshe a dawo gida. Abin da aka buga yau ba za a sake buga irinsa gobe ba, ko da mutanen nan ne, ko da taken nan ne.

Shi ya sa nake fara ba mutane Tony Allen, duk da abin da ya faru da ni a hanyar Kano. An haife shi a Legas a 1940, shi ne makaɗin gangar Fela Kuti tun daga tsakiyar shekarun 1960 har ƙarshen shekarun 1970, kuma da hannuwansa da ƙafafunsa aka gina kiɗan Afrobeat. Ba makarantar kiɗa ya je ba, fayafayan Art Blakey da Max Roach, makaɗan gangar jaz na Amurka, ya zauna ya saurara har ya gano abin da suke yi, sannan ya zuba a kan kiɗan da ya tashi yana ji a Legas. Sai da ya tsufa, a 2017, ya biya bashin: ya fitar da ɗan gajeren faifai na girmama Art Blakey, ya biyo da The Source, duka a kamfanin Blue Note, wanda tun 1939 yake buga fayafayan jaz a Amurka. Abin da za ka saurara a wurinsa shi ne rashin gaggawa. Mutum ɗaya ne, amma sai ka rantse makaɗa huɗu ne zaune, kowa da nasa zancen, kuma ba wanda ya take wa wani ƙafa. Ba ya dukan ganga kamar mai jin haushinta. Taɓa ta yake yi.

Wanda ya fi wannan shiga raina shi ne Rejoice, wanda ya yi da Hugh Masekela, mai busa ƙaho na Afirka ta Kudu. A 2010 suka shiga situdiyo a Landan suka ɗauki sautin, aka ajiye shi ba a ƙarasa ba. Masekela ya rasu a Janairun 2018. Allen ya koma ya kammala aikin, aka fitar da shi a Maris na 2020, shi ma ya rasu a Faris ranar 30 ga Afrilun shekarar ta 2020. Tsofaffi biyu ne suna hira, ɗaya da ƙaho ɗaya da ganga, ba wanda yake son ya nuna wa wani iyawa, don sun wuce nan. Akwai murya jefi-jefi a ciki, saboda haka ko ɗan ƙanwata zai samu abin riƙewa.

Daga nan sai Landan, inda abin ya fi ba ni sha'awa, ya kuma fi ba ni haushi in na tuna da gida. A 1991 wani makaɗi mai suna Gary Crosby da Janine Irons suka kafa wata ƙungiya, Tomorrow's Warriors, suna koya wa yara kiɗan jaz kyauta, suka fi mayar da hankali ga 'ya'yan baƙaƙen fata da 'yan mata. Shekara ashirin da ɗoriya ana wannan aiki ba wanda ya kula sosai. Sai ga yaran sun girma. A 2018 aka fitar da wani faifai na haɗaka, We Out Here, wanda ya tara da yawansu wuri guda, duniya ta waiwayo. A cikinsa akwai Abusey Junction na ƙungiyar Kokoroko, wadda Sheila Maurice-Grey ke jagoranta da ƙahonta. Sunan ƙungiyar ma daga harshen Urhobo na kudancin Nijeriya aka samo shi. Kiɗa ne na kimanin minti bakwai, jita tana tafiya a hankali kamar mai komawa gida bayan la'asar, kuma miliyoyin mutane sun saurare shi a YouTube. In za ka gwada abu ɗaya tak daga duk abin da na ambata, gwada wannan da daddare bayan gari ya yi shiru.

Daga wannan gida na Tomorrow's Warriors ne Ezra Collective suka fito, su biyar, ƙarƙashin Femi Koleoso mai ganga da ƙanensa TJ mai jitar bes, 'ya'yan 'yan Nijeriya da suka tashi a Landan. Femi ya zauna gaban Tony Allen ya ɗauki karatu, kuma ana jin haka a hannunsa. Faifansu Where I'm Meant to Be ya ci kyautar Mercury, wadda ake ba faifan da ya yi fice a Birtaniya, a 2023, karon farko da masu jaz suka ɗauke ta tun da aka fara bayarwa a 1992. A 2024 suka fitar da Dance, No One's Watching. Kiɗan rawa ne tsagwaronsa, na biki, wanda za a iya sakawa a wurin kamu ba wanda zai ce uffan. Ba shi ne mafi zurfin abin da ake yi a Landan ba, a ganina, amma ƙofa ce mai faɗi. Nubya Garcia mai busa saksofon da faifanta Source na 2020 ta fi su nauyin busa, kuma ita ma daga gidan nan ta fito.

Wanda ya fi zurfi, kuma wanda nake ganin Bahaushe zai gane shi tun kafin Bature ya gane, shi ne Sons of Kemet. Dubi yadda aka haɗa ƙungiyar: makaɗan ganga biyu, sai Theon Cross da tuba, wannan ƙaton ƙahon da muke gani a kafaɗar 'yan badujala, sai Shabaka Hutchings da saksofon. Ba fiyano, ba jita. Ganguna da busa kawai, kamar hawan sallah. Shabaka a Barbados ya yi ƙuruciyarsa, kuma ba ya busa irin ta masu lallashi. Yakan kama 'yar gajeriyar jimla ya yi ta nanata ta, yana sara ta gunduwa-gunduwa, har saksofon ɗin ya koma ganga ta uku. Ranar da na fara jin faifansu na 2018, Your Queen Is a Reptile, algaita ce ta faɗo mini a rai. Sunan faifan gugar zana ne ga gidan sarautar Ingila, ana cewa sarauniyarku jinsin ƙadangare ce, sai kuma kowane kiɗa a ciki aka sa masa sunan wata baƙar mace da suka ɗauka a matsayin tasu sarauniyar: Harriet Tubman, Angela Davis, Albertina Sisulu, da Yaa Asantewaa wadda ta jagoranci Asante suka yaƙi Turawan Ingila a 1900. Wato take ne aka yi wa kowacce, kamar yadda makaɗanmu ke yi wa jarumai. Ƙungiyar ta watse a 2022. Shi kuwa Shabaka, yana tsakiyar tashe ya ajiye saksofon a ƙarshen 2023 ya koma busa sarewa iri-iri, har da ta gora irin ta Japan, ya fitar da Perceive Its Beauty, Acknowledge Its Grace a 2024, mai sanyi kamar ba shi ne mai tayar da ƙura jiya ba.

Na san abin da wani zai ce, don an sha faɗa mini: me ya haɗa mu da kiɗan Turawa, namu ma ya ishe mu. Da farko dai jaz ba na Turawa ba ne. Jikokin bayin da aka kwasa daga wannan yanki namu na Afirka ta Yamma da tsakiyarta ne suka ƙirƙire shi a kudancin ƙasar Amurka, a farkon ƙarni na 20. Kuma manyansa da dama Musulmi ne: Art Blakey ya ɗauki sunan Abdullah ibn Buhaina, ga Ahmad Jamal mai fiyano wanda ya rasu a 2023. Ƙasarmu ma ba baƙuwarsu ba ce. Akwai hoton Louis Armstrong tare da Sardauna Ahmadu Bello a Kaduna a 1960, lokacin da ya zagayo Afirka.

Amma labarin da ya fi tsaya mini shi ne na Yusef Lateef, Ba'amurke mai busa saksofon da sarewa. Wannan mutum ya riga ya yi suna a duniya, ya yi aiki da Dizzy Gillespie da Charles Mingus da Cannonball Adderley, sai a 1981, yana da shekara sittin da ɗoriya, ya tattara ya taho Zariya. Ya zauna a Cibiyar Nazarin Al'adun Nijeriya ta Jami'ar Ahmadu Bello har 1985, yana bincike a kan sarewar Fulani, yana zama da makaɗan gargajiya yana koyo. Shi da Ziky Kofoworola suka rubuta littafi a kan kiɗa da wasannin Hausawa, aka buga a 1987. Ya kuma ɗauki faifai da makaɗan ƙasar nan mai suna In Nigeria. Ko kalmar jaz ɗin ma ba ya son a jingina masa. Ku duba fa: mutumin da manyan zaurukan Amurka da Turai ke rububinsa ya zo ya durƙusa gaban sarewar da mu muke gani a hannun yaro mai kiwo mu wuce. Mutum nawa ne a Samaru a yau suka san an yi haka? Ni kaina na daɗe ina bin hanyar nan kafin in sani, kuma da na sani sai kunya ta kama ni.

A Afirka ta Kudu kuwa jaz ba baƙo ba ne ko kaɗan, da shi aka yi gwagwarmaya da mulkin wariyar launin fata. Abdullah Ibrahim, wanda aka haifa a Cape Town a 1934, ya musulunta a 1968 ya bar sunan Dollar Brand, yana da shekara 88 ya hau dandamali a Landan a 2023 aka ɗauki wani ɓangare na faifansa mai suna 3. Su uku ne, fiyano da sarewa da babban goge mai kaurin murya, babu ganga. Tsoho ne da ya san cewa shiru ma kiɗa ne, yakan taɓa fiyano ya dakata, ya bar sautin ya gama mutuwa kafin ya sake taɓawa. A bayansa akwai Nduduzo Makhathini, shi ma mai fiyano, ɗan Afirka ta Kudu na farko da Blue Note ta ɗauka, da faifansa In the Spirit of Ntu na 2022. Shi yana yawan danganta kiɗansa da al'adun warkarwa na Zulu da zancen kakanni. Wannan ba aƙidata ba ce, kuma ba sai na yarda da ita ba kafin in ji abin da hannunsa na hagu ke yi, kamar yadda mutum zai yaba gwanintar mai garaya ba tare da ya shiga bori ba.

Amurka fa, mahaifar abin? A nan zan saɓa wa mutane da yawa. Duk wanda ka tambaya zai ce ka fara da The Epic na Kamasi Washington, na 2015. Na yarda shi ya jawo matasa da yawa, musamman da yake ya yi busa a faifan mawaƙin rap Kendrick Lamar na shekarar ta 2015. Amma kusan awa uku ne, ga rundunar masu amshi, ga masu goge, komai an cika shi har yana zuba, kamar tuwon biki da aka yi wa miya uku. Akwai wurare masu daɗi ƙwarai, sai dai ba zan ba sabon shiga shi ba. Na fi son Ambrose Akinmusire, wanda mahaifinsa ɗan Nijeriya ne, mahaifiyarsa 'yar Mississippi. A faifansa Owl Song na 2023 su uku ne kacal, shi da ƙaho, Bill Frisell da jita, Herlin Riley da ganga. Ƙahon nan yakan yi kamar mai raɗa, wani lokaci kamar mai shessheƙa. Ba na mota ba ne, na ɗaki ne.

Wanda kuma ya ce shi lallai sai da murya, ga Samara Joy, haifaffiyar 1999, wadda ta ɗauki kyautar Grammy ta sabuwar tauraruwa a 2023 da faifanta Linger Awhile. Muryar tsofaffi ce a bakin yarinya, kuma ba na'urar da ta gyara mata ita. Ga Somi, wadda iyayenta 'yan Ruwanda da Yuganda ne, ta zo ta zauna a Legas fiye da shekara guda, ta fito da The Lagos Music Salon a 2014.

Akwai guda ɗaya da ban san inda zan ajiye shi ba, Promises, na 2021. Pharoah Sanders ne yana da shekara tamanin, da wani matashin Ingila mai haɗa kiɗa da na'ura da ake kira Floating Points, da ƙungiyar makaɗan London Symphony. Minti arba'in da shida, kuma daga farko har kusan ƙarshe 'yar jimla ɗaya ce mai sauti bakwai ke ta dawowa, kamar ɗigon ruwa daga indararo bayan an ɗauke sama. Tsohon yana shigowa da saksofon in ya ga dama, ya fita in ya ga dama. Sanders ya rasu a Satumban 2022. Na ambace shi ne don kada a ce ina gaba da na'ura. Ga na'ura nan ta zauna da mutum lafiya lau, domin ta bar masa wurin numfashi.

Damuwata ke nan da abin da ya same mu. Tun shekarun 1990, da fiyano ƙirar Yamaha ta shigo situdiyoyin Kano, mutum ɗaya ya zama shi ne mai kalangu, shi ne mai sarewa, shi ne mai goge, duk da yatsu goma. Daga baya kwamfuta ta karɓa. Ban raina wannan ba. Ya sauƙaƙa kuɗi, ya ba dubban matasa sana'a, kuma an yi waƙoƙi masu daɗi da shi. Amma kalangun da ke cikin fiyano hoton kalangu ne. Ba ya gajiya, ba ya kuskure, kuma ba ya amsawa. In mawaƙi ya karkata ba zai bi shi ba, in ɗan dambe ya miƙe ba zai ƙara masa wuta ba. Yau a bikin birni sau nawa kake ganin makaɗa biyar zaune suna kallon juna? Mai waƙa ne da abin magana a hannu, da yaro a bayan lasifika yana danna waya. Masu kukuma da gurmi da kuntigi suna ta tafiya ɗaya bayan ɗaya, 'ya'yansu kuma sun ga ba riba sun kama acaɓa.

Abin da Landan ta yi ba sihiri ba ne. Ɗaki ne, da kayan kiɗa, da manya masu haƙurin zama da yara duk mako ba tare da sun karɓi ko sisi daga hannunsu ba, shekara da shekaru. Femi Koleoso da kansa, a daren da suka karɓi kyautar Mercury, irin waɗannan wuraren tara matasa ya yi wa godiya. Muna da sassan koyar da wasanni da al'adu a jami'o'inmu, muna da hukumomin raya al'adu a jihohi, muna da gidajen rediyon FM da ba sa ƙirguwa, waɗanda ke cika dare da gaishe-gaishe da tallan maganin gargajiya. Awa ɗaya a mako ta gagara? A saka Tony Allen, a biyo shi da kalangun 'yan dambe, a saka Sons of Kemet, a biyo da algaitar fada, mai gabatarwa ya yi shiru ya bar mutane su haɗa da kansu. Ba cewa nake yaranmu su koma busa saksofon ba. So nake yaron da ke da kwamfuta ya ji abin da ke faruwa in an bar mai ganga ya yi magana, ko zai tashi ya nemo tsohon mai kotso na unguwarsu ya shigo da shi situdiyo da ransa, ya biya shi.

Shi ɗan ƙanwar tawa haɗa kiɗa yake yi a wani situdiyo in an yi hutun makaranta. Bayan kamar sati uku da tafiyarmu ya kira ni da daddare, muka gaisa, ya tambayi mutanen gida, ya yi ta kewaye-kewaye. Can ya ce, "Kawu, mai gangar nan na ranar nan, ya sunansa?" Na faɗa masa, har na fara lissafa masa fayafayan da zai nema. Ya katse ni ya ce a'a, shi daƙiƙa takwas kawai yake so ya yanko daga wani wuri, zai ɗora wa wani ango waƙa a kai.